Wa Ya Ƙirga Buhun Geron Kademi?

Yau da tambaya zan fara, tambayar da kowane magidanci a Kademi ta ƙasar Gaya zai amsa yana zaune a gindin rumbunsa, amma in aka kai ta manyan ofisoshin Kano da Abuja sai an yi ta juya takardu. Nawa ake kashewa kafin buhun gero ɗaya ya tsaya a kasuwa? A haɗa sharar gona da kai taki da shuka, a haɗa noman firi da maimai, a sa kuɗin 'yan ƙwadago da furar da aka kai musu gona, a sa girbi da ɗauri da sussuka, a ƙare da kuɗin mota. Manomi ya san lissafin gonarsa, sai dai lissafin nan a kansa yake tsayawa, ba ya isa wurin da ake yanke hukunci. Alhali kuwa duk shekara ana yanke hukunci a kan farashin takin zamani, da buɗe iyaka ko rufe ta, da bashin noma, da kuɗin man fetur, kuma dukkansu a kan wannan buhun suke sauka. Abin da nake son kafawa a yau shi ne, Jihar Kano na buƙatar cibiyar binciken tattalin arziki wadda za ta zauna a garuruwa irin su Kademi ta riƙa ƙirga shekara da shekaru, kuma doka ta wajabta wa gwamnati ta amsa abin da aka ƙirgo.

Ba baƙon abu nake kawowa ba. An taɓa yin irin wannan aiki a ƙasar Hausa, kuma sakamakonsa ya kai ko'ina a duniya. A 1965 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta buɗe wani ƙaramin sashe na binciken tattalin arzikin karkara da tallafin Gidauniyar Ford, wani matashin masanin tattalin arzikin noma ɗan Ingila mai suna David Norman ya jagorance shi. A zamanin nan, malaman gona na gwamnati magana ɗaya suke kai wa manomi: ya daina cakuɗa shuka. Gonar dawa ta zama ta dawa zalla, ta gyaɗa ta zama ta gyaɗa, kamar yadda ake yi a filin gwaji. Manoma kuwa sai su gyaɗa kai, malami na juya baya su ci gaba da gero da dawa a kunya ɗaya, wake ya biyo baya, gyaɗa a yi mata gicci. Masana da yawa sun ɗauka taurin kai ne da duhun kai. Sashen Norman bai tsaya gardama ba. Ya zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya zaunar da ma'aikata a cikinsu, suna bin gidaje sama da ɗari sau biyu kowane mako har shekara ta zagayo, daga 1966 zuwa 1967. Wa ya je gona jiya, awa nawa ya yi, me aka saya, me aka sayar, dami nawa aka ɗaure? Aka auna gonaki ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka maimaita aikin a ƙasar Sakkwato da ta Bauci.

Da aka tara alƙaluma, sai gaskiya ta koma wurin manomi. A ƙauyukan Zazzau ɗin nan fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙasar da ake nomawa shuka ce gauraye. Lallai in ka ware dawa kaɗai ka auna, ta gonar haɗin ba ta kai ta gonar zalla ba, kuma wannan ne abin da masu filin gwaji suka gani suka tsaya a kai. Amma in ka haɗa darajar duk abin da eka ɗaya ta bayar, gero da dawa da wake, gonar haɗi ce a gaba. Abin da ya fi wannan muhimmanci, sun gano cewa ba ƙasa ce ke ƙure manomi ba a lokacin, hannu ne, musamman a watannin Yuni da Yuli lokacin da ciyawa ke tasowa a kowace gona a tare. A wannan matsatsin, awa ɗaya da aka zuba a gonar haɗi ta fi biya. Ga kuma kariya: gero ya nuna da wuri ya fitar da gida daga yunwar marka, in ruwa ya ɗauke wa dawa wake ya rufa asiri. Norman ya buga wannan sakamako a 1974, kuma ya zama ɗaya daga cikin tushen tsarin binciken nan da ke cewa a fara fahimtar gidan manomi gaba ɗayansa kafin a ba shi shawara, tsarin da cibiyoyin noma na Afirka da Asiya suka ɗauka daga baya.

Maganar auduga ta fi fito da abin fili. Masana sun ce a shuka auduga da wuri, cikin Yuni, a yi mata feshi sau da yawa, amfani zai ninka. A filin gwaji haka ne. Manoman wajen Daudawa kuwa sai Yuli suke shukawa. Da aka bi sawunsu da takarda da alƙalami, sai aka ga dalili: wanda ya shuka auduga a Yuni zai bar hatsin gidansa cikin ciyawa, kuma babu magidancin da zai sa kuɗin auduga gaba da tuwon iyalinsa. Feshin ma ruwa mai yawa yake ci, wanda sai an yi jigilarsa zuwa gona. Saboda wannan lissafi ne aka juya akalar bincike zuwa audugar da ake shukawa a makare, da injin feshi mai batir wanda ba ya shan ruwa sosai. A cikin shekarun 1990 kuma, tsarin da masu binciken wake na cibiyar IITA reshen Kano suka fitar, layi biyu na hatsi layi huɗu na wake, ya nuna an daina yaƙi da haɗa shuka, an koma gyara ta. A cikin wancan sashe na Samaru ne kuma wata mai bincike, Emmy Simmons, ta shiga cikin gidaje ta ƙirga sana'ar matan kulle, fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta nuna cewa kuɗi ne na gaske ke juyawa a bayan katanga, waɗanda lissafin hukuma bai san da su ba.

To, mu dawo yau. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, a Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Niyyar ba mummuna ba ce, duk wanda ya ga halin da mutanen birni suka shiga a wannan shekarar ba zai ce a zura ido ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai, buhun taki kuwa bai bi shi ƙasa ba, manoma suka yi ta kukan cewa ko jarinsu ba su mayar ba. An yi ta muhawara a rediyo: wasu sun ce shigo da abincin ne, wasu sun ce damina ce ta yi kyau, wasu sun ce 'yan kasuwa ne suka fito da abin da suka ɓoye. Wace ce gaskiya, kuma wa ya ci riba wa ya faɗi a Kademi? Tambayar ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, domin kalmar manomi ta rufe mutane iri-iri. Wata mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, ta nuna cewa a gari ɗaya akwai mai rumbunan da ke kai shekara har ya sayar a lokacin tsada, akwai kuma wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin shuka, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, ko ya ci falle ya biya da dami a kaka. Na farko arhar hatsi karya shi take yi. Na biyu kuwa, wanda yake auno tiya-tiya daga bazara har marka, arhar nan ita ce numfashinsa. Gida nawa ne na farko, gida nawa ne na biyu, a Gaya da Ajingi da Albasu? Wanda bai san wannan ba, ko ya buɗe iyaka ko ya rufe, a duhu yake harbi.

Wani zai ce ai akwai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, akwai cibiyar binciken tattalin arziki ta NISER a Ibadan tun 1960, akwai hukumar NAERLS ta Zariya da ke zagaya jihohi duk damina tana duba amfanin gona, Kano ma tana da tata hukumar ƙididdigar. Haka ne, kuma aikinsu na da daraja. Binciken talauci na 2022 ne ya gaya mana mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da dama, Kano ce kan gaba wajen yawan mutanen, sama da miliyan 10. Amma a duba faɗin tarun da suke jefawa. Babban binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke maimaitawa da Bankin Duniya tun 2010 gidaje kimanin 5,000 yake bi a duk faɗin ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. In aka raba daidai, ko gida bakwai ba za su faɗo wa kowace ƙaramar hukuma ba. An tsara shi ne don ya yi magana a kan ƙasa da shiyya, don haka Kademi da Argungu da Kafancan duk a kwando ɗaya na Arewa maso Yamma suke. Yawan jama'a ma ƙidayar 2006 ake ta ja har yau, wadda ta ba Gaya mutum kimanin dubu 200, Ajingi sama da dubu 170. Jaririn da aka ƙirga a lokacin yanzu ya isa aure. Sannan alƙaluman ƙasa kan sauya idan aka sauya ma'auni: rashin aikin yi da aka ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020 ya koma 4.1 a farkon 2023, saboda sabon ma'auni na ɗaukar wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Akwai hujjar masana a kan wannan sauyi, amma ba zai gaya wa kwamishina komai ba game da samarin da ke barin Ajingi ci-rani da zarar an gama kaka.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta manomi da kansa. Zai ce: mun gaji da masu zuwa da takarda. Matsalarmu a bayyane take, taki ne da hanya da jari, a kawo su kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ne, kuma darasin Samaru ke nan tun farko. Sai dai kuɗin gwamnati ba ya isar komai a lokaci guda, dole a zaɓa. Naira miliyan ɗari a tallafin taki, ko a gyaran hanyar da ke fitar da kaya zuwa Wudil, ko a buhunan adana wake da ke hana ƙwari, ko a rijiyoyin noman rani: wanne ne zai fi ƙara abinci a tukunya? Kowane gida ya san yoyon ɗakinsa, amma babu gidan da ke ganin rufin gari gaba ɗaya. In ba a ƙirga ba, zaɓin zai faɗa hannun wanda ya fi kusa da kunnen mai mulki, kuma yawanci wannan ɗan kwangila ne. Akwai kuma tsoro na gado da bai kamata a raina ba. Shekara da shekaru, duk wanda ya zo ƙirga kawuna ko shanu haraji da jangali ke bin bayansa, har sai da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979. Mutumin da kakansa ya ɓoye ɗa saboda haraji ba zai buɗe wa baƙon kwana ɗaya bakin rumbu ba. Shi ya sa salon Samaru ya yi aiki: ma'aikacin a garin yake kwana, a masallacin garin yake salla, mako bayan mako har aka saba, aka kuma ga babu abin da ya biyo baya. Baƙon da ya sauka daga mota da safe ya cika fom hamsin ya koma da yamma, abin da ake so ya ji kawai zai ji.

Suka ta uku ita ce wadda ba ni da niyyar kauce mata: an yi binciken, sai me? Rahotanni nawa ƙura ta rufe a kabad? Tarihi na bayan masu wannan magana. Gerald Helleiner, wanda ya yi aiki da NISER, ya lissafa a littafinsa na 1966 cewa tsakanin 1947 da 1961 hukumomin sayen amfanin gona da harajin fitarwa sun riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ya kamata ya shiga hannun manomin gyaɗa, a daidai zamanin da ake alfahari da dalar gyaɗa a Kano. Sai a 1986 aka rushe hukumomin, bayan fari da cutar da ta kuturta gyaɗa a 1975 sun riga sun karya noman. Na kusa-kusa kuma shi ne canjin kuɗi. Lokacin da Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, binciken ƙungiyar EFInA na 2020 yana nan a buge, yana cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na manyan mutane a Arewa maso Yamma ba su da hulɗa da banki ko wata kafar kuɗi. Duk da haka aka sa wa'adin wata uku. Kowa ya tuna yadda kasuwannin ƙauye suka tsaya cik, mai akuya ya kai ta kasuwa babu tsabar da za a biya shi, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris 2023. Ilimin yana nan, ba a dai tilasta wa kowa ya dube shi ba. Don haka na yarda da rabin sukar: cibiya kaɗai ba ta isa ba. Abin da ya rage shi ne a ɗaure ta da doka. Kafin ma'aikata ta kawo wa Majalisar Dokokin Jiha wani shiri na noma ko na haraji a kasuwannin karkara, ta haɗo da takardar da ke nuna abin da alƙaluman cibiyar suka ce, in kuma ta saɓa musu ta faɗi dalili a rubuce. Ba a ce masani ya yi mulki ba. Wanda aka zaɓa shi ke da ta cewa, yana iya ƙin shawara saboda dalilan da alƙalami bai gani ba, amma ya ƙi ta a gaban jama'a.

Akwai masu cewa aikin Samaru na Turawa ne da kuɗin Amurka, kuma talauci bai bar Ɗan Mahawayi ba saboda an ƙirga shi. Gaskiya ne ƙirga ba ya cika rumbu. Abin da ya yi shi ne ya hana a ci gaba da kashe kuɗin jama'a wajen koya wa manomi abin da zai rage masa abinci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganar kuɗin waje kuwa, ita ce ma hujjata: aikin da ya dogara da tallafin baƙo, ranar da baƙon ya ɗauke jakarsa ranar yake fara ramewa, kuma amfanin irin wannan bincike a daɗewarsa yake. Alƙaluman shekara ɗaya hoton damina ɗaya ne. Sai an bi gida ɗaya shekara goma za a ga yadda fari ko ambaliya ko jinyar maigida ke sa a jinginar da gona, da ko ana iya fanso ta. A yau ba ma rasa masana na gida. Jami'ar Bayero na da Cibiyar Noman Yankunan Ƙarancin Ruwa tun 2012 da sashen tattalin arziki mai tsohon tarihi, Jami'ar Aliko Ɗangote ta Wudil kuwa a bakin hanyar Gaya take, ɗalibanta da yawa 'ya'yan waɗannan garuruwa ne.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kilomita kaɗan na kwalta ba. A zaɓi garuruwa shida ko takwas da ke wakiltar fuskokin jihar, na tudu da na fadama, na kusa da birni da na nesa, Kademi ta tsaya wa gabas tare da wani ƙauye na Ajingi. A kowane gari a zaunar da ma'aikata biyu, namiji da mace, domin rabin tattalin arzikin gidan Bahaushe a tsakar gida yake, inda namiji baƙo ba ya shiga. Su bi gidaje talatin ko arba'in da aka zaɓa ta ƙuri'a, ba waɗanda dagaci ko ɗan siyasa ya nuna ba, su rubuta aiki da saye da sayarwa da bashi, su rubuta farashin tiya da buhu da harawa da lada na ƙwadago a ranar kasuwa, su kwatanta da na Dawanau da na kasuwar shanun Wudil. Sunayen gidajen su zama amana, kada hukumar haraji ko ofishin jam'iyya su gan su. Kuɗin cibiyar ya shiga kasafi da doka na shekara goma, shugabanta kuma kada a iya tsige shi don ya faɗi abin da ba a so. Sakamakon kuma kada ya tsaya a Turanci. Duk wata uku a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo, a kuma koma garin a karanta wa mutanen da suka bayar da shi a ƙofar fada, su gyara inda aka yi kuskure.

Gaya da Ajingi kowace na da ɗan majalisa a Majalisar Dokokin Jiha, suna kuma da wakili ɗaya tare da Albasu a Majalisar Wakilai. Kasafin jiha kan zo gaban majalisa a ƙarshen shekara, daidai lokacin da ake sussukar gero, kuma akan buɗe zaman jin ra'ayin jama'a a kansa. Ƙungiyoyin manoma da na ci-gaban gari na wannan yanki na iya zuwa zaman nan da buƙata rubutacciya: layi ɗaya a kasafi domin wannan cibiya, aikinta na farko kuma ta fito da kuɗin noman buhun gero da na dawa da na wake a gabashin Kano kafin damina mai zuwa ta sauka.